Shekara biyu ina tura CV, ko intabiyu ba a kira ni ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 26, ina zaune da iyayena a Tudun Wadan Zariya. Na karanta aikin jarida a ABU, yau shekara biyu ke nan da na gama bautar ƙasa. Tun ina makaranta burina in yi aiki a kamfanin hulɗa da jama'a, ko irin kamfanonin nan da ke kula wa manyan 'yan kasuwa da shafukansu na sada zumunta. Na tura CV wurare da yawa har na daina ƙirgawa, ko amsar "mun gani" ba na samu. Duk tallar aikin da na buɗe sai in ga ana neman mai ƙwarewar shekara biyu ko uku, kuma yawancinsu a Legas suke. Baba ya ce ba zai bar 'yarsa ta tafi Legas ita kaɗai ba. Shi a ganinsa ma wannan ba aiki ba ne, latse-latsen waya ne, ya fi so in nemi koyarwa.

Yanzu abu biyu ne a gabana. Wani kamfani a Abuja ya ce in yi musu aiki daga gida na wata uku a matsayin gwaji ba tare da biya ba, in sun gamsu su ɗauke ni. Sannan ɗan kawuna yana so ya saka ni cikin 'yan midiyar wani ɗan siyasa, ana ba su kuɗin data da ɗan wani abu duk wata. Ban taɓa aiki a ko'ina ba in ban da bautar ƙasa, sai dai shafin Goggona mai sayar da turaren wuta da humra da nake riƙe mata a Instagram da Facebook kusan shekara guda, shi ma kyauta, don dai in rage zaman banza. Anti, wanne zan ɗauka? Ko dai in haƙura in nemi koyarwar?

Ƙanwarki, Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya yi miki albarka, ya kawo mafita. Zaman gida shekara biyu bayan an sha gwagwarmayar Samaru yana cin rai, kuma shirun da ake yi wa mai neman aiki ya fi a ce masa "ba mu ɗauke ka ba" ciwo, don ba ya sanin inda zai gyara.

Kafin mu je ga Abuja da ɗan kawu, akwai maganar da kika jefa a ƙarshen wasiƙarki kamar ba komai ba, ita ce kuwa ta fi tsaya mini a rai. Kin ce ba ki taɓa aiki ba, sai kuma ga ki kina cewa kusan shekara guda kina riƙe da shafin Goggo. Wa yake ɗaukar hoton kwalaben humrar? Wa yake rubuta bayanin da ke ƙarƙashinsu? Wa yake amsa wa matar da ta turo saƙo ƙarfe goman dare tana tambayar kuɗin aikawa Kano? Ranar da wata ta fito fili ta ce turaren da aka aiko mata ba shi ta biya ba, wa ya lallashe ta? In ke ce, to aikin da kike nema shi kike yi tun bara. Kuma ina kyautata zaton babu shi a CV ɗinki.

Bari in gaya miki yadda ɗaukar aiki yake a irin waɗannan kamfanoni. Yawancinsu ma'aikatansu kaɗan ne, kuma ba sa ɗaukar mutum don su horar da shi sannu a hankali. Sai sun samu sabuwar kwangila, a ce banki ko kamfanin sadarwa ko na abin sha ya danƙa musu shafukansa, sannan su tashi neman wanda zai fara ranar Litinin. Mai duba takardun yana da tarinsu a gabansa, kusan duk iri ɗaya: digiri kaza, bautar ƙasa a wuri kaza, "mai ƙwazo, mai iya zama da mutane". Abin da ke ransa shi ne: in na miƙa wa yarinyar nan shafin kwastomana gobe, za ta kunyata ni? Digiri ba ya amsa masa wannan. Ke kanki in za ki kai ɗinkin sallah ba kya tambayar tela takardar shaidar koyon sana'a, cewa kike ya nuna miki abin da ya ɗinka. Shekara biyu ko ukun da suke rubutawa a talla ma, a ƙananan muƙamai galibi abin da suke nufi ke nan, a nuna musu aikin da aka taɓa yi.

Don haka ki dakatar da tura CV na mako biyu ko uku, ki zauna ki haɗa kundin ayyukanki. Ki fara neman izinin Goggo, don sirrin kasuwarta ne. Sannan ki shiga ɓangaren alƙaluma na Instagram da Meta Business Suite, manhajar kula da shafukan kasuwanci ta Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ki kwaso abin da ke ciki: mutum nawa kowane hoto ko bidiyo ya kai wa, daga waɗanne garuruwa suke, mata ne ko maza, 'yan shekara nawa, wane lokaci suka fi shigowa. Wasu alƙaluman ba sa komawa baya da nisa, saboda haka daga yanzu duk ƙarshen wata ki ɗauki hotonsu ki adana. Yawan mabiya kada ya ɗauke miki hankali, kowa a harkar nan ya san ana sayensu. Abin da ke sa mai ɗaukar aiki ya gyara zama shi ne saƙonni nawa suka shigo, nawa suka zama ciniki. Wannan kuwa a littafin cinikin Goggo yake, ko a tarihin saƙonninta na WhatsApp. In ba ta rubutawa, ke ki buɗe mata littafi, kuma duk sabuwar mai saye a tambaye ta a ina ta ga kayan.

Labarin shafin ki ba da shi a taƙaice: yadda kika tarar da shi, abin da kika canja da dalilin canjawar, da abin da ya biyo baya. Misali, kin lura bidiyon da ake ganin hayaƙi yana tashi daga kasko ya fi hoton kwalba jan mutane, sai kika koma bidiyo. Ki saka har da abin da kika gwada bai yi ba, da abin da kika fahimta daga nan, don wanda ya san aikin ya fi yarda da mai irin wannan bayani a kan wanda komai nasa nasara ce. In za ki nuna hirarki da masu saye, ki rufe sunayensu da lambobinsu. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma kamfanin da ya ga kin baza lambar wayar kwastoma a kundinki ya san haka za ki yi da nasa. Duka-duka kada kundin ya wuce shafi biyar ko shida, ki mayar da shi PDF, ki ɗora a Google Drive, ki tabbata mahaɗin yana buɗewa a wayar wani ba taki kaɗai ba. CV kuma shafi ɗaya ya isa, aikin Goggo ya zo a sama da sunan shagon da watan da kika fara. Kada ki ƙara ko alƙalami ɗaya da ba gaskiya ba, don a intabiyu ana iya cewa ki buɗe shafin a gani.

Shafin Goggo shi kaɗai dai ya yi kaɗan a kundin, ga shi kuma na 'yar'uwa. Ki nemi ƙarin biyu a nan cikin gari, kuma su bambanta da turare. Zariya cike take da masu buƙata: makarantun kuɗi da ke fafutukar neman ɗalibai duk farkon zango, gidajen abincin Samaru da Kongo da ɗalibai ke riƙe da su, masu yadi da takalma a kasuwar Sabon Gari, shagunan unguwar PZ, masu sayar da taki da iri da maganin feshi, masu kiwon kaji. Da yawansu suna da shafin da wani yaron gida ya buɗe ya watsar. Kada ki je musu da dogon Turanci. Ki duba shafin tukuna, ki shirya musu samfuri biyu ko uku a manhajojin shirya hoto da bidiyo irin su Canva ko CapCut, ki kai musu a waya su gani da idonsu. Gani ya kori ji.

Kada kuma ki yi musu kyauta. Ko kaɗan ne ki karɓa, domin wanda bai biya ba ba ya turo hoto a kan lokaci, ba ya jin shawara, ke ma ba za ki iya kiransa kwastoma ba. Ku yi yarjejeniya a rubuce ko da a WhatsApp ne: sau nawa za ki wallafa a mako, bidiyo nawa a wata, wa zai riƙa amsa saƙonni, yaushe za a biya. Kuɗin tallar da za a ba Meta daban, ladan aikinki daban. In kika bari suka cakuɗe, ranar da ciniki bai zo ba za a ce kin cinye. Ki lallaɓa ko ɗaya daga cikinsu ya ware ɗan abin da zai iya don tallar da ake biya, ko ta kwana biyar ce, ki koyi zaɓar gari da shekaru da jinsin waɗanda za su gani, da lissafin nawa kowane saƙon da ya shigo ya ci. Tambaya a kan wannan ita ce ke kayar da sababbin masu digiri a intabiyu. Darussan Meta Blueprint da HubSpot Academy akwai na kyauta a intanet, ɗaya ko biyu sun ishe ki. Tarin takardun shaidar kwasa-kwasai ba tare da aikin nunawa ba wani CV ɗin ne kawai.

Akwai kwastoman da zan ce ki kauce masa ko nawa zai biya: mai maganin da ke warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, da masu kayan mata da man bilicin marasa rajista, da masu "zuba kaza ka kwashi ninki". Tallar magani sai da amincewar NAFDAC, kuma in abin ya cutar da wani, hannunki yana ciki.

Yanzu ga abin da kike da shi wanda 'yan Legas ɗin da kike ganin sun fi ki ba su da shi. Bankuna, kamfanonin sadarwa, masu taliya da madara da sabulu da taki, duk suna son kasuwar Arewa, amma mafi yawan kamfanonin da ke shirya musu talla a Legas suke. Shi ya sa kike jin talla a rediyo ko ki gan ta a Facebook da wata irin Hausa da ba mai yin ta a gidansu, an rubuta da Turanci an jefa wa na'ura ta juya. Kuma matsalar ta wuce kalmomi. Wanda bai zauna a nan ba bai san da azumi mutane suna kan waya bayan tarawihi da lokacin sahur ba. Bai san kasuwar atamfa da leshi tana tashi makonni kafin sallah, tun teloli ba su rufe karɓar ɗinki ba. Bai san irin hoton da uwa za ta gani ta tura wa 'yarta, da irin wanda za ta gani ta yi tsaki ta wuce ba. Bai san da yawan masu saye sun fi son saƙon murya da bidiyo a kan dogon rubutu ba, ko cewa tallar da aka fara a Instagram a WhatsApp ake ƙarasa cinikinta. Bai san har gobe rediyo yana da ƙarfin da babu shafin da ya kai shi a ƙauyukan Giwa da Soba da Makarfi ba. Ke kin tashi cikin wannan, shi ya sa ba kya ganinsa a matsayin ilimi. Ilimi ne, kuma ana biya dominsa. Ya zama shi ne layin farko a CV ɗinki da shafinki na LinkedIn: kina rubutu da shirya bidiyo da Hausa da Turanci, kin san masu saye na Arewa.

Sai dai jin Hausa a baki daban, rubuta ta daban. Ke 'yar garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo ce a 1939, garin Kamfanin Gaskiya, inda aka daɗe ana tace rubutun Hausar boko. Ba zai yi kyau ki tallata kanki da Hausa ba alhali kina haɗe kalmomin da ake rabawa, ƙ da ɗ da ɓ kuma ba ƙugiya. Ki saka allon rubutun Hausa a wayarki, Gboard yana da shi, ki koma ki bi ƙa'idojin rubutu. Turancinki ma ki tsare shi, don rahoton wata-wata da imel da zama da kwastoma duk da shi ake yi. Wanda ya iya ɗaya kawai akwai su da yawa, ƙarancin yana wajen wanda ya iya biyun da kyau.

Na lura kin haɗa hulɗa da jama'a da kula da shafuka kamar abu guda. Suna tafiya tare, amma hulɗa da jama'a ta fi faɗi: rubuta sanarwar manema labarai, sanin wane ɗan jarida ke bin wane fanni, shirya taro, rubuta wa shugaba jawabi, da sanin abin faɗa ranar da kamfani ya shiga rikici. In can kika fi so, kundinki yana buƙatar wannan ɓangaren. Makarantar da kike riƙe wa shafi za ta yi bikin yaye ɗalibai ko ta ci wata gasa. Ki rubuta sanarwa da Hausa da Turanci, ki kai wa gidan rediyo ko jaridar intanet, in sun ɗauka ki adana shaidar. Sanarwa ɗaya da ta fita a labarai ta fi darasin aji goma nauyi a idon mai ɗaukar aiki.

Sana'ar kuma tana da hukumarta. Cibiyar NIPR, wadda aka kafa a 1963, doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi wa masu aikin hulɗa da jama'a rajista da sa ido a kansu, kuma akwai tallar aikin da za ki ga an rubuta sai mamba. Tana da reshe a Jihar Kaduna. Ki nemi sanin sharuɗɗan shiga ga mai digiri irin naki, ki kuma riƙa halartar tarukansu in hali ya yi, don a nan ne jami'an hulɗa da jama'a na hukumomi da kamfanoni ke haɗuwa, kuma da yawan guraben aikin nan ana cike su ta hanyar "na san wata yarinya mai ƙoƙari" tun ba a buga talla ba. A ɓangaren talla kuma hukumar da ke sa ido ita ce ARCON, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022, kuma dokarta ta shafi har tallar da ake yi a intanet. Sanin wannan kaɗai yana bambanta ki da sauran masu zuwa intabiyu.

Maganar sanayya, kada ki raina waɗanda kika riga kika sani. Malamanki na sashen aikin jarida, wanda kika yi aikin koyon sana'a a ƙarƙashinsa, shugabanki na wurin bautar ƙasa, 'yan ajinku da suka riga suka samu wuri. Kada ki ce musu "a taimaka mini da aiki", wannan kowa yana faɗa, kuma nauyi yake ɗora wa mutum. Ki tura musu kundin ki ce su duba su gyara miki. Wanda ya ga aikinki da idonsa zai tuna da ke ranar da aka tambaye shi.

Ki kuma faɗaɗa inda kike nema. Ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa masu aikin rigakafi, ilimin 'ya'ya mata, noma da ruwan sha suna ɗaukar jami'an sadarwa a Kaduna, Kano da Abuja, kuma Hausa a wajensu dole ce. Kafafen labarai irin su Aminiya, Freedom Radio da Arewa24 suna da sashen intanet, kuma da yawan manyan masu hulɗa da jama'a daga ɗakin labarai suka fara. A nan gida, ABU, asibitin koyarwa na Shika, kwalejin jiragen sama, cibiyar fasahar sufuri ta NITT da kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli duk suna da ofishin yaɗa labarai, NAERLS kuwa aikinta ma shi ne isar da sakamakon binciken noma ga manomi. Gurabensu na gwamnati ne, ba kullum suke buɗewa ba, ki dai sa ido, kuma duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya sama miki gurbi ki rabu da shi.

In za ki tura wa kamfani, kada ki jira sai ya buga talla. Ki zaɓi 'yan kaɗan waɗanda kwastomominsu ke sayar da kaya a Arewa, ki nemo mai kula da sashen a LinkedIn, ki rubuta masa layi huɗu ko biyar: ke wace ce, wane abu guda kika lura da shi a tallarsu ta Arewa da za a iya gyarawa, ga mahaɗin kundinki, kuma kina iya aiki daga Zariya ko a ba ki aikin wucin gadi. Ki faɗi gyaran cikin ladabi, ba da sigar kushe ba. In an yi kwana goma shiru ki tuna masa sau ɗaya, daga nan ki wuce gaba. Kafin ki tura ko ɗaya, ki bi shafukanki na kanki ki share duk wata cacar baka da habaici, don za a duba.

A intabiyu ki shirya wa tambayar rikici, kusan ba ta tsallakewa: wani ya yi bidiyo yana kukan kayanmu sun cuce shi, bidiyon ya yaɗu, me za ki yi? Ba a goge ƙorafi, ba a mayar da martani cikin fushi, ba a kuma yin alkawarin da ba a ba ki izini ba. Ki nuna an ji shi, ki ja shi akwatin saƙo, ki sanar da na sama da ke nan take, a bincika, sannan a dawo fili a faɗi abin da aka yi. In kin taɓa yin haka a shafin Goggo, ki ba da wannan labarin. Ana kuma iya tambayarki me za ki yi in dandalin da kuka dogara da shi ya rufe. Ya taɓa faruwa: daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 an dakatar da Twitter a Najeriya, waɗanda suka tara masu sayensu a wuri ɗaya su suka fi jin jiki.

To, kamfanin Abuja. Yadda suka kawo maganar, kada ki karɓa. Gwajin da ya dace shi ne a ba ki aikin yini ɗaya ko biyu, a ce ki tsara jadawalin wallafa na mako guda ko ki rubuta sanarwa. Wata uku kina riƙe shafukan da kwastoma yake biyan su kuɗi a kai, da datarki da cajinki, wannan cin gumi ne, kuma akwai masu yin haka su sallami mutum a wata na uku su ɗauko wani. Amma kada ki rufe ƙofar da faɗa. Ki fara duba sunansu a shafin binciken CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ki ga ko suna da rajista, ki nemi wani da ya taɓa yi musu aiki. In sun tsallake wannan, ki rubuta musu cewa kina son aikin, kin yarda da gwajin mako biyu, ko na wata guda da alawus da kuɗin data, a rubuce, da izinin saka abin da kika yi a kundinki. Mai niyyar ɗauka zai tattauna, wanda ya fusata kuwa ya ba ki amsa. In an zo maganar albashi ki tuna mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Dokar ba ta hau kan wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma ki riƙe shi ma'auni, ki ɗora kuɗin data a kai. Duk aikin da aka ce ki biya kuɗin fom ko na horo, ko aka ce ki riƙa danna bidiyo ana turo miki kuɗi a Telegram, damfara ce. In kuma an kira ki intabiyu ido da ido, a ofis za a yi, da rana, kuma wani ɗan'uwa ya raka ki.

Tayin ɗan kawu ya fi ba ni tsoro. Yi wa ɗan siyasa aikin sadarwa sana'a ce mai mutunci in a ofishinsa ne, da takardar ɗauka, kina rubuta sanarwa da bayanin ayyuka a shafinsa na hukuma. Amma "kuɗin data da ɗan wani abu" ni da ke mun san me ake saye da shi: ki yi yabo da shafinki na kanki, ranar da aka taɓa maigida ki fito ki yi zagi, wani lokaci a ba ki shafukan bogi ki riƙe. Sojojin baka ke nan, sun dai koma waya. Zaɓe zai wuce, 'yan siyasar su shirya a tsakaninsu, abin da kika rubuta yana nan da sunanki, kuma babu kamfani ko ƙungiyar da za ta danƙa miki muryarta bayan ta gani. Ga kuma sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha kama mutane da shi a kan rubutu, kuma ƙaramin yaro ake kamawa, ba maigida ba. Ki yi wa ɗan kawu godiya, ki ce in akwai gurbi a ofis da takarda kina so, in babu ya bar ki haka.

Saura Baba. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Abu biyu yake tsoro, tsaronki da kuma kada shekarunki su tafi a abin da ba shi da makoma, kuma shekara biyun nan ba su ba shi dalilin canja ra'ayi ba. Gardama ba za ta canja shi ba. Maganar koyarwar ma ki daina jin ta kamar faɗuwa. In kin samu makarantar kuɗi, ki karɓa, ki kuma nemi a ba ki shafin makarantar da sanarwarta a matsayin ƙarin aiki mai ƙarin lada. Kin samu albashi, kin samu kwastoma na biyu, Baba ya samu kwanciyar hankali, yammacinki kuma naki ne. Daga kuɗin farko ki fara tara na ƙaramar sola ko babban abin caji da layin data na biyu, don mai aiki daga gida ba a karɓar uzurin an ɗauke wuta daga gare shi.

Legas kuwa ki ajiye ta a gefe yanzu, ba ita kaɗai ce hanya ba. Kaduna tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka, ana iya zuwa taro a dawo a yini. Kano ma ba nisa, Abuja kuma akwai jirgin ƙasa daga Rigasa. Ranar da tayin gaske ya zo daga ɗayansu, kada ki tunkari Baba ke kaɗai da baki. Ki fara shigar da Mama da Goggo, ita da ta ga abin da latse-latsen wayar ya yi wa cinikinta, kuma 'yar'uwarsa ce, zai saurare ta. Sannan ki je masa da takardar ɗaukar aiki a hannu, da adireshin ofishin, da adadin albashin, da sunan ɗan'uwan da za ki zauna a gidansa.